Zaure ko Falo? Gardamar Fitar da Gida a Daura

Wanda ya daɗe bai shiga Daura ba, in ya biyo hanyar Kazaure ko ta Katsina, abin da zai fara tarbarsa tun kafin ya hango gari shi ne bulo. An jibge shi a gefen titi, an jera shi a gonakin da ba da daɗewa ba gero da wake ake nomawa a cikinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da marigayi Muhammadu Buhari ya yi yana mulkin Nijeriya, daga 2015 zuwa 2023, garin ya sami Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da asibitin sojojin sama, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta nan. Ma'aikata sun zo, ɗalibai sun zo, 'yan garin da ke aiki a Abuja da Kaduna sun waiwayo gida suna sayen fuloti. Ko a Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, gini ake yi daidai ƙarfi.

Ranar da za a ja igiya a zuba toka a fitar da ɗakuna, ranar mai fili yake gane cewa gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Mahaifi ya zo da sandarsa yana tambayar inda zaure zai zauna. Ɗan ya zaro takardar da mai zanen gini ya buga masa, ko hoton wani gida da ya gani a intanet: falo babba, ɗakuna uku kowanne da banɗakinsa, kicin a ciki, get na mota a gaba.

"Baba, ai yanzu an daina zaure."

"To wanda ya yi maka sallama fa, a rana zai tsaya?"

Birkila yana gefe da igiyarsa, shi dai a nuna masa inda zai haƙa. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da wasa, ko da yake a ganina zauren da falon da ake ta musu a kansu ba su ne abin da ya fi nauyi a takardar ba.

Mu fara da gidan da aka gada, irin wanda har yau yake tsaye a unguwannin da ke kewaye da fadar Sarki da rijiyar Kusugu. Daga titi akwai dakali, sai zaure. Ƙofar shiga zauren da ta fita ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. In ka wuce zaure sai ƙofar gida, wato ɗan filin da ɗakin samari da na baƙi suke, a da har da turken doki. Sai shigifa, wadda baligin da ba muharrami ba ba ya tsallake ta. Bayanta ne cikin gida: tsakar gida a buɗe, ɗakunan mata a kewaye, turakar maigida a inda shige da fice ba sa wuce shi, madafa, rumbu, rijiya in akwai, makewayi can a kusurwa. Talaka yakan taƙaita matakan, gidan sarauta ya ninka su soro bayan soro, amma hikimar ɗaya ce: kowa yana da inda ya kai gwargwadon kusancinsa. Mai tallan itace ya tsaya a dakali, abokin maigida ya zauna a zaure, suruki ya gaisa a shigifa, ƙanin matar gida ya wuce har ɗakin yayarsa. Ba wanda aka kora, ba kuma wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

Masu kare wannan tsari ba al'ada kaɗai suke riƙe da ita ba, cewa suke addini ne aka zuba shi a gini. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama, ta 58 kuma ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin ƙailula da bayan isha'i, da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai suka yi ƙarnoni suna karantawa a gaban malamai a ƙasar Hausa, ta hana mutum ya buɗe tagar da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, ko ya yi ƙofa saitin ƙofarsa, ko ya haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinsa ne. Wato tun ba a san hukumar tsara birane ba, fitar da gida yana da doka, kuma alƙali yana iya yanke hukunci da ita.

Hujjarsu ta biyu bazara ce. A watan Afrilu da Mayu zafin Daura yakan kai digiri 40, wani lokaci ya ɗara. Bangon bulo da rufin kwano suna kwasar rana tun hantsi, su yi ta amayar da ita cikin ɗaki har tsakar dare. In aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, mai tsakar gida ba ya shawara da kowa. A yayyafa ruwa a ƙasa bayan la'asar, a baza tabarmi bayan isha'i, a ɗaura gidan sauro tsakanin ƙusar bango da reshen darbejiya, yara su jeru gefen uwarsu, kowa ya yi barci a fili ba tare da idon baƙo ya gan shi ba. Mai fulat kuwa tagoginsa da ƙarafa, labule ya rufe su saboda suna kallon titi ko gidan maƙwabci. Filin da ya rage masa na bakin get ne, an shafe shi da siminti saboda mota, shi ma huci yake. Babu matar da za ta shimfiɗa tabarma a nan. Kuma lokacin nan ne na sanƙarau, wanda likitoci suke yawan gargaɗin cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa.

Gidan da ɗan yake nunawa shi ma yana da asali. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da samfurinsa daga Indiya: gini guda a tsakiyar fili mai faɗi, baranda ta kewaye shi, kicin da ɗakunan barori can baya. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ware wa Turawa unguwanninsu, waɗanda daga baya aka sani da GRA. Bayan 1960 manyan ma'aikata suka gaji gidajen, suka kuma gaji sha'awarsu, sannan rukunin gidajen gwamnati irin na zamanin Shagari suka kai samfurin lungu da saƙo. Bahaushe yana jera ɗakuna a gefe ya bar tsakiya a buɗe, wannan kuwa ya cike tsakiya ya bar gefe. Amma zuwansa daga waje ba laifi ba ne da za a kama shi da shi. Siminti da kwano da motar da ake neman wa wurin kwana, duk baƙi ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu sabon tsari ita ce banɗaki, kuma galibi daga bakin mata take fitowa. A ɗauki daren damina, hadari ya taso daga gabas kamar yadda ya saba, ƙarfe biyu na dare. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai tsohon ciki, ta laluɓo tocila da buta, ta yafa buhu a ka, ta ƙetare tsakar gida mai santsi zuwa kusurwar da kunama take son fakewa. Mai ciwon suga zai yi wannan tafiya sau da yawa kafin asuba. Da safe kuma a yi layi a ƙofar makewayi ɗaya, ɗalibai suna sauri, maigida yana sauri, a fara tambayar ɗan wa ya ɓata wurin da kuma ranar wankin wa ce. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Rigimar kishiyoyi da yawa ba daga kishin miji take farawa ba, daga murhu ɗaya da makewayi ɗaya ne. Wanda bai taɓa kwana da wannan wahala ba bai kamata ya yi wa wadda take so a sa mata banɗaki a ɗaki gorin son zamani ba.

Dattawa sukan ce ba sa son najasa ta kwana bango ɗaya da inda ake salla ake ajiye Alƙur'ani, sukan kuma kawo maganar alƙibla. Ta biyun mai sauƙi ce. Malaman Malikiyya sun tsananta hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya ne a fili, sun sassauta a cikin gini, kuma wanda yake son fita daga saɓani ba abin da zai kashe: alƙiblar Daura gabas take, ta ɗan karkata arewa, sai a kafa masai yana kallon kudu ko arewa tun a takarda.

Matsalar gaskiya ruwa ce. Masai na zamani yana shan lita shida zuwa tara a kowane kori, wato jarka ɗaya ta ɗan garuwa ba ta wuce shiga uku ko huɗu. Gidan da aka yi wa banɗaki huɗu ba bohol, ba tanki, ba famfon da za a dogara da shi, an shigo da warin salga ne har gefen gado. In kuma an haƙa bohol, sai wata ta taso. Masana tsabtar ruwa suna son a bar kamar mita 30 tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗibar ruwan sha, alhali fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, tsawonsa duka mita 30 ɗin ne. Ko ka kai sokawenka ƙarshen gaba ka kai bohol ƙarshen baya, wa ya gaya maka inda maƙwabcin bayanka ya haƙa nasa? A nan maganar Risala kan haƙa abin da zai cuci maƙwabci ta dawo sabuwa fil, kuma ba mai zaure ba mai falo da ya tsira daga gare ta.

Akwai kuma kayan ɗaki. Tsohon ɗaki azara ce ta yanka masa faɗi, don azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta kai mita biyu sai da dabarar magina, ko a tayar da bakan gizo, wanda ba kowa ke da kuɗinsa ba. Amaryar yau kuwa tana zuwa da gado ƙafa shida, da sif, da madubi, da saitin kujeru, da firji, kuma tun kafin ranar jere gwaggonninta sun zo ganin ɗaki sun auna bango da ido. Wannan gaskiya ne, sai dai hujja ce ta a faɗaɗa ɗakuna, ba ta a cure su wuri ɗaya ba.

Maganar tsaro ta fi wuyar amsawa, musamman a Daura. A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa bayan sallar magariba, sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Duk mai ɗan hali da ya ji wannan labari sai ya sake kallon dakalinsa. Zauren da yake buɗe daga asuba zuwa dare, kowa ya shigo ya zauna, na zamanin da kowa ya san kowa ne. Yau mutum yana son katanga mai tsawo, da get ɗaya, da mota da babur a ciki. Masu zaure sukan mayar da martani cewa unguwar da kowa ya kulle kansa, ba mai zama a waje, ita ce ɓarawo ya fi sakewa a cikinta, don ba idon da zai tambaye shi wurin wa ya zo. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga wanda zai rinjayi ɗan'uwansa a nan ba.

Sai kuɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Gini dunƙulalle yana cin bango kaɗan, bututu kaɗan, rufi guda, kuma in aka tashi ba da haya, malamin jami'a ko ma'aikacin asibitin da aka turo daga wata jiha fulat yake tambaya, ɗalibi kuma ciki da banɗaki. Wanda yake gini don haya, gardamar nan ba tasa ba ce, ya bi kasuwa.

Amma wanda zai zauna da iyalinsa, ya dubi takardar nan da kyau ya ƙirga ƙofofin da suke buɗewa cikin falo. A yawancin zanen da ake kwafowa daga Legas da Abuja, ƙofar shigowa falo take faɗawa, ta kicin ma haka, hanyar ɗakunan kwana ma haka. Ranar da abokan maigida uku suka zo bayan la'asar, matar gida ta zama fursuna a gidanta. In tana kicin ta maƙale a kicin, in tana ɗaki ta maƙale a ɗaki, tukunya tana ƙonewa tana jin ƙauri. Budurwar gidan sai ta zura hijabi kafin ta je ɗebo ruwa a firji. Maigida ya ɗaga waya ya kira matar da bango ɗaya ne tsakaninsu: "Hajiya, a turo yaro da ruwa." Bayan wata shida sai ka tarar ya sayi benci ko tabarma ya ajiye a bakin get, nan yake ganawa da mutane, kujerun da aka kashe dukiya a kansu suna ciki an lulluɓe su da zane saboda ƙurar hunturu. Masu kuɗi sun gano wannan tuni, shi ya sa suke yin falo biyu, na maigida da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa. In aka duba aikin da wannan falon yake yi, zaure ne aka shimfiɗa wa tayil. Mai ƙaramin ƙarfi ne ake bari da falo ɗaya yana yin aikin zaure da shigifa da tsakar gida a lokaci guda, ba kuma wanda yake yi da kyau.

Daga nan sai abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan maganar. Gidan fulat an zana shi ne wa miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, waɗanda za su girma su tafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina mace takan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaici, adadin da ya fi na kowace jiha a lokacin. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, ke nan ɗakin yara ɗaya ba ya isa. Samari in sun tasa ana son su matsa waje kusa da ƙofa. Mahaifiyar maigida za ta tsufa a dawo da ita. Ƙanwarsa za ta iya dawowa da goyo in aure ya mutu. Da Sallar Gani dangi za su cika gari, wasu daga ƙauyuka, wasu daga tsallaken iyaka ta Kwangwalam, kuma ba a kai ɗan'uwa masauki na kuɗi. Sannan ga maganar da ango ba ya son a yi a gaban amarya: in ya ƙara aure, fiƙihu ya ba kowace mace haƙƙin muhallinta. Wani masanin gini, Friedrich Schwerdtfeger, da ya bi gidajen birnin Zariya ya wallafa littafinsa a 1982, ya nuna yadda gidan Bahaushe yake girma yana raguwa tare da mutanen cikinsa: a yi aure a tayar da ɗaki, a rasu ɗaki ya koma fili. Fulat ba ya yin haka. Rufinsa guda ne, duk inda ka manna masa sabon ɗaki ka toshe tagar wani.

Ranar rabon gado kuma abin ya fi fitowa fili. Gida mai sassa ana iya jan bango a fasa sabuwar ƙofa, kowane ɗaki da 'ya'yansa su tsira da wurin kwana. Fulat mai falo ɗaya da kicin ɗaya ba ya rabuwa, sai dai a yi masa kuɗi. In babu magajin da zai iya biyan sauran, a sayar wa bare, gwauruwa da marayu su koma haya.

Tsakar gida kuma ba wurin shan iska kaɗai ba ce, wurin neman kuɗi ce. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle suke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu ta hannun yara, kasuwar da mai wucewa a titi ba ya gani. Har yau haka ne: fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, taliya, ɗinki, kiwon tumakin da za a kai kasuwar Mai'aduwa gab da Babbar Salla. Turmi ba ya zama a kan tayil. Kuka da kuɓewa da barkono suna son rana. Mai jego tana son inda za a hura itace a dafa ruwan wanka a babbar tukunya. Gas yana da tsabta, ya kuma raba mata da hayaƙin da yake cin ido da ƙirji, amma ranar da ya yi tsada ko ya ƙare, kurfoti da gawayi ake komawa, kuma ba a hura su a rufaffen kicin. Ranar suna ko zaman makoki, mai fulat sai ya tare titi da rumfuna, mata kuma su kafa duwatsun murhu a fulotin maƙwabcin da bai gina ba tukuna. Shekara mai zuwa shi ma ya gina.

Kada dai masu zaure su ɗauka sun ci gari. Tsohon gida ya ɓoye mace daga idon titi, amma bai ba ta sirri a cikin gida ba. Ko tari ta yi kishiya ta ji. Adon gini da tsayin rufi da sanyin soro duk ɓangaren maza aka kai su, aka bar mata da ƙananan ɗakuna marasa taga da hayaƙin madafa. Zauren ma in ba malami ko mai sana'a ko mai jama'a a gidan, yakan koma ma'ajiyar babur da matattarar samarin da ba su da aikin yi, shi ya sa da yawa a bakin titi aka fasa su aka yi shaguna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidan Bahaushe mai ɗakin mace ce. Abin mamaki, ita ce ba a cika nuna wa takardar ba. Za a yi shawara da uba da aboki da birkila, wadda za ta wuni a gidan kullum sai ranar tarewa take ganin inda aka sa mata kicin. In ba ta saba da karanta zane ba, a kai ta filin ranar da aka zuba toka, ta taka da ƙafarta daga inda gado zai zauna zuwa inda murhu zai zauna, ta faɗi abin da ta gani tun ba a sa bulo ko ɗaya ba.

Ni a nawa ra'ayin, tsakar gida ya kamata a fara zanawa, sannan a nemo wa ɗakuna wuri a gefenta. Lissafin ba wuya. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, fulat mai ɗakuna uku yakan cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. In aka dasa shi a tsakiya, faɗinsa ya kusa ƙafa 40, abin da zai rage hagu da dama lungu ne na ƙafa biyar ko shida, wanda ba ya amfanar kowa sai tarkace da ƙadangaru. A ɗauki ɗakunan nan dai, da girmansu da banɗakunansu, a jera su a gefe ɗaya da kuma baya, a sa musu baranda. A bar ƙafa 25 a gaba wa get da mota da ɗan zaure mai ƙofa biyu da makewayinsa, wanda zai zama ɗakin baƙi yau, na samari gobe. Abin da zai rage a tsakiya ya kusa ƙafa 30 da 50, fili guda da ba a kashe masa kwano ko silin ba, kuma nan ne za a yanki sabon sashe in iyali sun ƙaru. Bangon yamma shi yake shan ranar la'asar, sai a jingina masa sito da banɗakuna, ba ɗakin kwana ba. Ƙofar da take kallon gabas a yi mata rumfa saboda feshin ruwa. Kicin a yi shi ciki, amma da ƙofar da take fita tsakar gida inda murhun itace zai zauna.

Wannan tsari yana da nasa tsadar, ba zan ɓoye ba. Bango ya fi yawa, bututun ruwa ya fi tsawo, da damina sai an bi baranda daga ɗaki zuwa ɗaki, da hunturu ƙura tana shigowa kowace ƙofa. Ƙa'idojin tsara birane kuma sun fi son a ja gini baya daga kan iyaka, don iska da gobara da ruwan indararo, wato an rubuta su ne da gidan tsakiyar fili a zuci. Wanda zai jingina ɗaki da katanga a sabuwar unguwa sai ya fara jin ta bakin hukuma, ya kuma tabbata ruwan rufinsa cikin gidansa yake zuba.

Inda hujjar kowa take ƙarewa shi ne rabin fuloti. Filaye sun yi tsada, ana raba ƙafa 50 da 100 gida biyu, wani lokaci magada su sake rabawa. A ƙafa 50 da 50 ba zaure da shigifa, ba kuma fulat mai fili a kewaye; in an yi ɗakuna uku da kicin, tsakar gidan da za ta rage ba ta fi ta shanya ba. Mafita ɗaya ita ce sama, shi ya sa benaye suke tasowa a tsakiyar unguwannin da duk gidajensu na ƙasa ne. Mai benen ya warware matsalarsa, amma tagar ɗakinsa ta sama tana kallon tsakar gida huɗu ko biyar, inda matan mutane suke wanki da ɗaurin ƙirji suke kwana a fili da bazara. Su ba su canza komai a tsarin gidansu ba, an dai raba su da amfaninsa. Ƙarar takan fara zuwa wurin mai unguwa, kuma abin da ake iya yi bayan an gama gini kaɗan ne: a toshe rabin tagar, ko a sa gilashi mai duhu, ko maƙwabci ya ƙara bulo biyar a katangarsa da kuɗin aljihunsa. A takarda kuwa, ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko juya ta ta kalli titi, aikin minti biyu ne ga mai zane.